Karatu, aiki, aure ko kuɗi: wace biza ce ke kai mutum ga zaman dindindin?

Tambayar da masu niyyar ƙaura suka fi yi ita ce, wace biza ce ta fi saurin fitowa? A ganina ba daga nan ya kamata a fara ba, domin wadda ta fi saurin fitowa sau da yawa ita ce wadda ba ta kai mutum ko'ina, wato bizar ziyara. Ƙasashen Turai da ke cikin yarjejeniyar Shengen suna ba baƙo kwana 90 a cikin kowane kwana 180, babu izinin aiki, in wa'adi ya cika sai ya tattara ya koma. A Amurka, wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 180 sannan ya fita, dokar 1996 ta haramta masa dawowa har shekara 3, in kuwa zarcewar ta kai shekara guda, sai shekara 10. Mutum ya shiga da murna, ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa.

Matakai uku ne, kuma mutane suna yawan haɗa su wuri guda. Na farko biza ko izinin zama na ɗan lokaci, mai ranar ƙarewa da sharaɗi. Na biyu takardar zaman dindindin, wadda ke ba ka damar zama da aiki ba tare da sabuntawa kan wani dalili ba. Na uku zama ɗan ƙasa, da fasfo da ƙuri'a. Duk hanyar da aka kawo maka, auna ta da tambayoyi biyu. Shin kwanakin da zan yi a kan wannan biza suna shiga lissafin zaman dindindin, ko sai na sauya wata kafin agogo ya fara bugawa? Sannan akalata tana hannun wa: ni, ko mai gidan aiki, ko abokin aure, ko sa'a?

Bari in fara da karatu, tunda ita ce hanyar da matasa suka fi bi, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Bizar karatu a kan kanta ba ta ba kowa zaman dindindin. Darajarta tana ga abin da ke biyo bayan kammalawa, kuma a nan ƙasashe suka sha bamban ƙwarai.

A Birtaniya, shekarun da ka yi kana ɗalibi ba sa shiga cikin shekara 5 da ake lissafa wa ma'aikaci kafin zaman dindindin. Bizar da ake ba wanda ya kammala ta shekara 2 ce, mai digirin digirgir shekara 3, kuma ita ma ba ta shiga wannan lissafi. Gwamnati ta riga ta sanar da rage ta zuwa wata 18 daga farkon 2027. Ke nan mutum zai iya shafe shekara uku ko huɗu a ƙasar, ya kashe kuɗin makaranta mai nauyi, ya biya kuɗin kiwon lafiya na tilas kowace shekara, amma agogonsa bai fara ba sai ranar da wani kamfani ya ɗauki nauyinsa. Tun watan Janairun 2024 kuma, ɗalibin digiri na biyu na shekara guda ba ya iya tahowa da mata da 'ya'ya, sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Mai iyali ya yi wannan lissafin tun kafin ya biya ko sisi.

Amurka ta fi haka tsauri ta wata fuskar. Mai neman bizar karatu ta F-1 dole ya gamsar da jami'in ofishin jakadanci cewa zai koma gida bayan karatu, domin doka tana ɗaukar kowane mai nema a matsayin mai niyyar zama har sai ya nuna akasin haka. Bayan karatu akwai izinin aiki na wata 12, masu fannin kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi suna samun ƙarin wata 24. Daga nan sai bizar aiki ta H-1B, wadda zan zo kanta.

Kanada ta daɗe ita ce zakara a wannan fage, saboda izinin aiki na bayan karatu yana iya kai shekara 3, bai ɗaure ka da kamfani guda ba, kuma shekara ɗaya ta aikin ƙwarewa a cikin ƙasar tana buɗe maka ƙofar neman zaman dindindin. Sai dai a 2024 gwamnati ta ƙayyade yawan izinin karatu, ta ninka kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna daga Dala 10,000 ta Kanada zuwa 20,635, ta kuma tsaurara irin kwasa-kwasan kwaleji da ke ba da izinin aiki. Abin da ke sosa mini rai shi ne ɗaliban da suka biya makarantar da tun asali ba ta cikin waɗanda karatunsu ke ba da wannan izini. Hukumar shige da fice ta Kanada tana wallafa jerin makarantun a shafinta, dubawa ba ta wuce 'yan mintuna ba.

Jamus ce nake ganin ba a ba ta haƙƙinta. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, in ka cire wurare kamar jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 duk zangon karatu daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Abin da ake buƙata shi ne kuɗin guzuri a asusun da ake kullewa, wanda aka sa Yuro 11,904 na shekara guda a 2024, ana sakar maka kaɗan-kaɗan duk wata. Bayan kammalawa kana da wata 18 na neman aiki, kuma wanda ya yi digiri a jami'ar Jamus yana iya samun zaman dindindin bayan shekara 2 kacal yana aikin da ya dace da karatunsa. Kuɗin da ake biya a nan harshe ne. Akwai kwasa-kwasai da Turanci, amma kasuwar aiki da ofisoshin gwamnati da Jamusanci suke magana, kuma duk wanda ya raina wannan zai sha wuya. Akwai kuma koyon sana'a da suke kira Ausbildung, shekara 2 zuwa 3 da rabi, wani ɓangare a aji wani a wurin aiki, ana biyan mai koyo albashi tun watan farko. Ga wanda ba shi da digiri kuma ba shi da kuɗi masu yawa, amma yana da haƙurin koyon harshe har matakin B1, wato matsakaicin mataki, ban san wata halastacciyar hanya da ta fi wannan sauƙin aljihu ba.

Sai hanyar aiki. A nan agogo yakan fara bugawa tun ranar sauka, amma akala tana hannun mai gidan aiki.

Bizar ƙwararrun ma'aikata ta Birtaniya tana buƙatar kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi ya ba ka takardar ɗaukar nauyi. Mafi ƙarancin albashin da ake nema ya tashi daga Fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya sake hawa 41,700 a Yulin 2025. Wannan tsalle cikin wata goma sha biyar ya isa ya nuna maka yadda ƙasa ke motsi a ƙarƙashin ƙafar baƙo. A ƙa'idar da aka daɗe a kai, shekara 5 ke kai mutum zaman dindindin, amma a Mayun 2025 gwamnati ta fitar da ƙudurin mayar da ita shekara 10 ga mafi yawan mutane. In aikin ya ƙare, ko aka ƙwace lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samu wani ko ka fita. Masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya sun ga wannan da idonsu: an hana su kawo iyali a Maris 2024, an rufe ɗaukar sababbi daga waje a Yulin 2025, kuma da yawa sun biya dillalai maƙudan kuɗi kan aikin da suka iso suka tarar babu shi. Kamfani na gaskiya ba ya sayar da takardar ɗaukar nauyi. Sunayen masu lasisi suna nan a shafin gwamnati, kowa na iya dubawa.

H-1B ta Amurka tana da gurbi 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in ƙasar, kuma saboda masu nema sun ninka gurbin, zaɓen sa'a ake yi. Tana ɗaukar shekara 3, a sabunta zuwa 6. A Satumban 2025 fadar shugaban ƙasa ta ɗora kuɗi Dala 100,000 kan sababbin takardun neman ma'aikata daga waje, abin da ya sa ƙananan kamfanoni ja da baya. Ko an samu, katin zaman dindindin da ake kira Green Card sai kamfani ya sake nema maka, kuma doka ta hana 'yan ƙasa guda su wuce kashi 7 cikin ɗari na adadin shekara, shi ya sa 'yan Indiya ke jiran shekaru masu yawa. Albashin Amurka babba ne, babu musu, amma wannan ce hanyar da sa'a da mai gidan aiki suka fi riƙe mutum a lokaci guda.

Jamus a nan ma ta fi sassauci. Mai riƙe da katin ƙwararru na Tarayyar Turai, Blue Card, yana samun zaman dindindin bayan wata 27, ko wata 21 in ya kai B1 a Jamusanci. A Yunin 2024 kuma suka ɓullo da Chancenkarte, katin da ke ba ka shekara guda ka zo neman aiki ba tare da kowa ya gayyace ka ba, kana iya yin aikin sa'a 20 a mako kafin ka samu na gaske. Ana buƙatar ko dai takardar shaidar da Jamus ta amince da ita gaba ɗaya, ko maki 6 daga harshe, shekaru, gogewa da makamantansu, tare da shaidar za ka iya ciyar da kanka. Katin neman aiki ne, ba alkawarin aiki ba, kuma wanda ya zo babu harshe yana iya cinye guzurinsa ya koma hannu rabbana.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf dabam suke, kuma ya kamata a faɗi wannan ɓaro-ɓaro. Samun aiki a can ya fi sauri, babu harajin albashi, amma iƙama a ɗaure take da aiki, kuma shekara ashirin ko talatin ba sa mayar da ita zama ɗan ƙasa. Ɗan da aka haifa a can ma ƙasar ubansa yake bi. An yi gyare-gyare: Katar ta soke takardar amincewar kafili wajen sauya aiki a 2020, Saudiyya ta sassauta nata a 2021, kodayake gyaran bai haɗa da masu aikin gida ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara bizar zinare a 2019, mai shekara 10 da ake sabuntawa, Saudiyya ma ta fito da iƙama ta musamman a shekarar, wadda ta dindindin ɗinta ke cin Riyal 800,000. Duk da haka zama ne, ba fasfo ba. Wanda burinsa ya tara jari ya koma gida, Gulf ta dace da shi. Wanda burinsa 'ya'yansa su zama 'yan ƙasa, ya duba wani wuri. Bizar Umara ko ta ziyara kuwa ba ta aiki ba ce, kuma wanda ya maƙale a kanta ya miƙa wuyansa ga duk mai son cutarsa.

Akwai hanya guda da ta amsa tambayoyina biyu yadda nake so, wato tsarin maki da ke ba da zaman dindindin tun kana gida. Kanada ta fara Express Entry a Janairun 2015. Kana shigar da bayananka, a auna ka a kan maki 1,200: shekaru, ilimi, gogewar aiki, da jarrabawar harshe irin IELTS ko CELPIP, ko TEF da TCF ga Faransanci. Lokaci-lokaci sai a gayyaci waɗanda suka fi maki. Wanda aka ɗauka yana sauka da iyalinsa a matsayin mazaunin dindindin, babu kamfanin da ke riƙe da shi. Makin shekaru ya fi yawa tsakanin 20 da 29, yana raguwa duk shekara daga 30, ya ƙare ƙat a 45, saboda haka jinkiri a nan asara ce da ake iya ƙirgawa. In wani lardi ya zaɓe ka, ana ƙara maka maki 600, wanda kusan tabbacin gayyata ne. Tun 2023 kuma ana ware gayyata ta musamman ga wasu rukunai, ciki har da ma'aikatan lafiya da masu jin Faransanci, kuma makin da ake yanke wa masu Faransanci yakan yi ƙasa da na gama-gari sosai. Mai Faransanci da Turanci yana riƙe da abin da bai san darajarsa ba. Ostireliya tana da irin wannan tsari, mafi ƙarancin maki 65, kuma sai wanda bai kai shekara 45 ba.

Aibinsa biyu ne. Gasa ta yi zafi, cika sharaɗi bai nufin za a kira ka. Sannan zaman dindindin ba aiki ba ne: likita, lauya ko injiniya yana iya sauka ya tarar sai ya sake jarrabawar hukumar sana'arsa kafin ya taɓa aikin da ya sani, kuma wannan yana iya cin shekaru. Ba a fafe gora ranar tafiya. A bincika sharuɗɗan lasisin sana'a tun kafin a sayi tikiti.

Hanyar iyali ita ce mafi ƙarfi ga wanda yake da ita da gaske. A Amurka, miji ko matar ɗan ƙasa, 'ya'yansa marasa aure 'yan ƙasa da 21, da iyayen ɗan ƙasar da ya kai 21, ba su da ƙayyadadden adadi. Wa ko ƙane kuwa yana iya jiran fiye da shekara goma. In auren bai kai shekara 2 ba, katin wucin gadi na shekara 2 ake bayarwa, sannan a sake tantancewa. Birtaniya tana neman mai ɗaukar nauyi ya nuna kuɗin shiga Fam 29,000 a shekara tun Afrilun 2024. Jamus a mafi yawan lokuta tana neman ɗan Jamusanci na matakin farko, A1, kafin a taho. Kanada tana ba abokin aure zaman dindindin kai tsaye, mai ɗaukar nauyi ya sa hannu zai kula da shi shekara 3. Duka ƙasashen nan huɗu mata ɗaya suke lissafawa a takardar shige da fice, kuma ɓoye aure ko barin sunan wani ɗa a fom yana iya hana ka kawo shi daga baya, ko ya rushe takardar taka gaba ɗaya.

Auren takarda laifi ne da ke kai mutum kurkuku har shekara 5 a Amurka. Amma abin da na fi so 'yan'uwa mata su sani shi ne, wadda ta je ta hanyar aure ta faɗa hannun azzalumi ba dole ta zauna tana shan duka don tsoron kora ba. Amurka tun dokar 1994, da Birtaniya ma, suna da tanadin da wanda aka ci zarafinsa zai nemi zama da kansa ba tare da sa hannun abokin auren ba.

Cacar biza ta Amurka, wadda dokar 1990 ta kafa da gurbi 55,000 a shekara, ba abin gina shiri a kai ba ce. Ƙasashen da suka tura fiye da mutum 50,000 cikin shekara 5 ba sa shiga, irin su Indiya, Meziko, Filifin da Najeriya. Ana yin rajista a shafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka kaɗai, kuma kai ne za ka duba sakamako da lambarka. Duk saƙon da ya ce ka ci, ka turo kuɗi, na 'yan damfara ne.

Sayen zama da kuɗi kuma kasuwa ce da ke tsukewa. Birtaniya ta rufe bizar masu jari a 2022, Fotugal ta cire sayen gida daga nata a 2023, Sifaniya ta rufe a Afrilun 2025, a watan ne kuma kotun Tarayyar Turai ta ce shirin sayar da fasfo na Malta ya saɓa doka. Bizar masu jari ta Amurka, EB-5, tana neman Dala 800,000 a yankunan da aka ware, da samar da aiki ga mutum 10. Tsibiran Karibiyan, inda ƙasar Sen Kits da Nebis ta fara irin wannan shiri tun 1984, suna ba da fasfo mai sauƙaƙa tafiye-tafiye, amma bai ba ka izinin zama ko aiki a Turai ba.

Mafaka ba na sa ta cikin zaɓi, domin ba don haka aka yi ta ba. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta kare wanda ake tsanantawa saboda launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a. Talauci da rashin aiki, duk da zafinsu, ba sa ciki. Wanda ya ƙirƙiri labari yana cutar masu gudun rai na gaskiya, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: takardar bogi tana jawo haramcin shekara 5 a Kanada, har shekara 10 a Birtaniya, a Amurka kuwa tana iya zama ta har abada.

To in an kai zaman dindindin, fasfo fa? Kanada tana neman kwana 1,095 a cikin ƙasar cikin shekara 5, kuma tana ƙirga kowace rana da ka yi kana ɗalibi ko ma'aikacin wucin gadi a matsayin rabin rana, har zuwa kwana 365. Amurka shekara 5 da kati, ko 3 ga mai auren ɗan ƙasa. Birtaniya yawanci wata 12 bayan zaman dindindin, da jarrabawar sanin ƙasa. Ostireliya shekara 4, ta ƙarshe a matsayin mazaunin dindindin. Jamus ta rage daga shekara 8 zuwa 5 a Yunin 2024, ta kuma amince mutum ya riƙe fasfo biyu, da sharaɗin B1 da cin 17 cikin tambayoyi 33 na jarrabawar zama ɗan ƙasa. Sai ka duba dokar ƙasarka ta asali ma, domin ƙasashe irin su Indiya, Sin da Japan ba sa yarda da riƙe biyu.

Da ni za a tambaya, ga yadda zan raba. Mai digiri da gogewar aiki, ɗan ƙasa da shekara 35, ya fara gwada makinsa a tsarin Kanada ko Ostireliya kafin ya yi tunanin komawa aji, domin wannan gwaji bai wuce kuɗin jarrabawar harshe da tantance takardu ba. Matashi mai ƙaramin ƙarfi ya zuba shekara guda a koyon Jamusanci. Ma'aikacin jinya ko likita ya fara da hukumar da ke ba da lasisin sana'arsa a ƙasar da yake so, biza takan biyo baya. Mai kuɗin karatu a Birtaniya ko Amurka ya je don ilimin, ya san cewa zama bayan nan yana hannun wani. Mai mata da 'ya'ya kuwa ya fifita hanyar da ke ɗaukar su tare tun ranar farko, ko da ta fi jinkiri, saboda rabuwar da aka ce ta shekara guda ce takan miƙe.

Alƙaluman da na kawo suna sauyawa, kamar yadda ka gani a albashin Birtaniya, don haka a ranar da za ka cike fom, shafin hukumar shige da fice ta ƙasar ne hujja, ba bakin dillali ba. Bayan an sauka kuma a riƙa rubuta ranar kowace fita da dawowa. Birtaniya ba ta son ma'aikacin da ke neman zaman dindindin ya wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12. Kanada tana neman mazaunin dindindin ya cika kwana 730 cikin shekara 5 don kada matsayinsa ya faɗi. A Amurka, tafiya guda da ta haura wata 6 tana iya katse lissafin neman zama ɗan ƙasa, wadda ta kai shekara kuma tana iya sa a ɗauka ka yi watsi da katin gaba ɗaya, sai in ka nemi takardar izinin dawowa tun kafin ka tashi.